Daɓen da Ya Ƙi Shan Kunu

Alhaji Tsalha ya kai ƙarar Ɗantani magini wurin hakimi.

"Ya ce daɓen da ya yi mini yana shan ruwan sama, ga tsakar gidana ta zama tafki. Ya sa daɓen ya shanye ruwan yau, ko ya bar garin nan!"

Ɗantani ya je ya ɗebo ruwan a kofi, jajir da laka. "Bismillah, Alhaji."

"Wannan? Ai sai ya toshe mini maƙogwaro!"

"Ranka ya daɗe, ka ji. Daɓen ma maƙogwaronsa ne ya toshe, da ƙasar da Alhaji ya jibge a tsakar gida. Ruwa na ce zai sha, ban ce kunu ba."

Hakimi ya fashe da dariya. "Alhaji, a kwashe ƙasa, a nemo tsintsiya."