Abin da Baba Sannu Ya Naɗe a Tsumma

Akwai wani tsohon bakanike da ake kira Baba Sannu. Ainihin sunansa ya kwanta mini, amma laƙabin ba ya mantuwa, domin shi mutum ne da zai yi rabin yini a kan aikin da wani zai gama kafin a ɗaura takalmi. Rumfarsa tana jingine da bangon gidansa: benci ɗaya, akwatin sifanu, da wata tsohuwar taya da masu jira ke zama a kai.

Yana da ɗa namiji guda, autansa, magidanci mai mata da 'ya ɗaya. Auta da babur yake neman abinci, yana kai saƙonni daga shago zuwa gidaje. Abin da uban ya rasa na sauri, ɗan ya kwashe shi duka.

Wata ranar Talata, ko Laraba ce, babur ɗin Auta ya fara shaƙewa a hanya. Ya tsaya, ya kwance fulogi tun inji yana da zafinsa, ya goge, ya mayar. Maimakon ya fara murza shi da yatsu, sai ya ɗora sifana tun daga farko. Fulogin ya shiga a karkace. Ya ji ya cije, ya ƙara ƙarfi. Can sai ya ji sifanar ta tafi salin alin, tana juyawa ba ta kama komai.

Ƙarfen kan inji laushi ne da shi. Tiredin da ke cikin ramin, wato zaren da ke riƙe fulogi, ya cinye tas.

Ya turo babur har rumfar uban. Baba Sannu ya zura ɗan yatsa a ramin, ya fito da shi da garin ƙarfe yana ƙyalli.

"Da sifana ka fara ko?"

"Baba, ni gyara na zo, ba wa'azi ba."

"Gyaran ke nan. Za a yanka sabon tiredi, a sa masa bushi, ɗan zoben ƙarfe da zai riƙe fulogin. Bari inji ya huce, in je wajen mai sassaƙar ƙarfe ya fitar mini da daidai da ramin. Gobe war haka ka hau abinka."

"Gobe? Saƙon mutane fa?"

"Saƙo ba ya ruɓewa a kwana ɗaya."

Akwai mutane uku a kan benci. Auta ya dube su, ya yi wata dariya, ya ce, "Wannan sannu-sannun naka ita ta hana mu zama komai, Baba. Shekara arba'in, benci ɗaya!"

Tsohon ya goge yatsansa da tsumma, ya daɗe yana gogewa bayan yatsan ya fita.

Auta ya ja babur zuwa wani gareji a bakin titi. Can aka naɗa wa fulogin siririyar waya, aka shafa gam, aka danna. Minti goma, inji ya tashi. Ya bi ta gaban rumfar uban yana murza totur don a ji.

Daga ranar bai sake taka gidan ba. Da farko fushi ne, daga baya kunya ta karɓe shi, ita kuwa ta fi fushi nauyin ƙafa. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Kullum amsarsa ɗaya: "Zan je. Bari in samu sarari."

Haka aka yi wata biyar, na ce ko shida, oho. A makon ƙarshe wayar mahaifiyarsa ta shigo sau bakwai. Ya ɗauka zancen sulhu ne, ya bar ta tana ruri a aljihu.

Ran nan da hantsi yana kan hawa tudu sai ya ji ƙara kamar an harba bindiga. Fulogin ya yi tsalle ya fice, da waya da gam da komai. Ya zaga gareji uku. Kowa ya leƙa ramin sai ya girgiza kai. Na ukun ya ce, "Malam, an ɓata ramin nan. Sai dai ka sayi sabon kan inji. In da mai iya ceto shi, to tsohon nan ne mai rumfa jikin bango. Ka san shi?"

Auta ya ce ya san shi.

Ya iso yana tura babur, gumi har idon sawu. Rumfa a rufe, bencin an kifa shi. Mahaifiyar ce ta fito. Ba ta yi masa faɗa ba, shi ne abin da ya fi tsorata shi.

"Inna, ina Baba?"

"Yana ciki. Kwana tara ke nan ya faɗi. Ɓarin jiki ya tafi, harshe ya tafi. Na kira ka, Auta."

Ya tarar da uban a kan katifa, bakinsa ya karkace, idanu kaɗai ke yawo. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini." Leɓɓan tsohon suka motsa, babu abin da ya fito sai iska. Ya sake faɗa. Iskar ce dai ta sake fitowa.

Inna ta buɗe ƙasan akwatin sifanu ta ɗauko wani ƙullin tsumma. A ciki akwai ƙarfen yanka tiredi da wani ɗan bushi sabo fil.

"Ranar da ka yi masa maganar nan, kana tafiya ya sa hularsa ya je ya yo wannan. Na ce wa za ka yi wa? Ya ce gam ba ya riƙe wuta, yaron zai dawo."

Idanun tsohon suka tafi ƙofa, suka dawo kan ɗansa, suka sake tafiya ƙofa. Auta ya gane. Ya shigo da babur tsakar gida, suka tallafo uban suka jingina shi a kujera dab da inji. Hannun tsohon na hagu yana kan ƙarfen kujerar, manuninsa ne kaɗai ke da sauran rai.

Auta ya ɗauki ƙarfen yankan zai zura. Ƙwas! Yatsan tsohon ya bugi kujera. Auta ya tsaya yana tunani. Giris. Yana ƙarami ya sha ganin uban yana cika ƙarfen da giris, don garin ƙarfe ya manne a jiki kada ya zuba cikin inji. Ya shafa.

Ya saita, ya fara murzawa. Ƙwas. Ashe ƙarfen ya karkace. Ya cire, ya sake saitawa, ya duba ta gaba, ya duba ta gefe. Yatsan ya yi shiru.

Rabin juyi gaba, kwata baya. Rabin juyi gaba, kwata baya. Bayan juyi kaɗan a fito da shi, a goge, a sake shafa giris. Duk sa'ad da hannunsa ya fara gudu, sai ya ji ƙwas. Inuwar bango ta taso daga ƙafarsa ta wuce bayansa, bai sani ba. Rabonsa da ya zauna kusa da uban haka tun yana ɗan makaranta.

Bushi ya zauna daram. Ya ɗauko sabon fulogi, hannunsa ya kai kan sifana, sai ya janye da kansa, tun yatsan bai motsa ba. Ya kama fulogin da yatsu uku ya murza a hankali har ya kai ƙarshe. Sannan ya ɗora sifana, ya ɗan matse.

Bugu ɗaya inji ya tashi.

Ya juyo. Hawaye na bin kuncin tsohon da ya karkace. Auta ya kashe inji, ya durƙusa ya kama hannun uban da baƙin hannunsa. Yatsan nan ya lallaɓo ya sauka a bayan hannunsa, ya taɓa sau biyu, a hankali, irin yadda yake taɓa tankin babur in ya gama aiki ya ce wa mai shi, "Je ka, ya yi."

Bayan kwana huɗu Baba Sannu ya rasu, bai ƙara furta kalma ba.

An ce har yau Auta yana hawa babur ɗin. An canza masa taya, an canza sarƙa, an canza kusan komai, amma ya hana a taɓa kan injin. In ya ga matashi ya ɗora sifana a kan fulogi tun daga farko, yakan ce, "Yatsu tukuna, ƙanena."

Darasi: Abin da ya ƙi shiga da lallami, ƙarfi ɓata shi zai yi, ƙarfe ne ko zuciyar iyaye. In ka san ka faɗa wa mahaifinka ko mahaifiyarka maganar da ta yi zafi, kada ka jira sarari, ka je yau tun harshen da zai ce "na yafe" yana motsi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda wayarsa ke ruri a aljihu yanzu haka.