Rijiya a Ciki, Randa a Ƙofa

A wani gari na bakin gulbi an yi wani mai unguwa, sunansa Tanimu. Mutumin kirki ne, ba ya cin na kowa. Aibinsa ɗaya: ya fi tsoron a ce masa marowaci a kan a ce masa wawa. A zaurensa ake sasanta mutanen unguwa, miji da mata, wa da ƙane, abin da aka faɗa a zauren nan kuwa a nan yake mutuwa. Da wannan aka san shi.

Da zamani ya zo, 'ya'yansa suka sa masa rauta, wato ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitila da ke raba intanet a gida. Suka kuma liƙa kyamara a kusurwar zaure saboda masu ɗauke dardumomi. Kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita daga kamfani, ita aka bari. Duk wanda ya tambaya sai Tanimu ya ce, "A ba shi mana, ai iska ce." Kafin damina ta wuce dakalinsa ya cika da samari, kowa kai a sunkuye a kan waya.

Sai maganar zaure ta fara fita. Wata mata ta kawo ƙarar mijinta da hantsi, kafin la'asar har kukan da ta yi ana kwaikwayo a teburin mai shayi. Mutane suka fara ja da baya. Tanimu ya duba, ba mai zama da shi lokacin sulhu sai Jatau, dattijon da ya yi wa ubansa hidima, yanzu yake yi masa. Ya ƙudurta cewa ranar Juma'a zai sallame shi.

Labari ya kai kunnen gwaggonsa Tabawa. Tsohuwa ce mai daddawa, ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta waya take cinikinta har garuruwa masu nisa, rautar gidanta kuma ita ke juya abinta. Ta ɗauki sanda ta zo. Tanimu ya yi mata shimfiɗa a zaure, ta ce a nan ba za ta buɗe baki ba, su shiga cikin gida.

"Gwaggo, ai da kin aiko na zo."

"Da na aiko da sai ka gama ɓarnar za ka zo. An ce za ka kori Jatau."

"Bakinsa ne ya yi tsawo, Gwaggo. Ni da shi ne kaɗai a zauren nan."

"Zauna. Kana neman ka zama Maikano mai gyaɗa, wanda ya kusa rabuwa da ƙanensa a kan kwaɗon ƙofa."

Tanimu ya ce, "Yaya labarinsa yake?"

Ta gyara zama ta ce:

"Maikano falke ne a wani ƙauye na yamma. Yana da ɗakin ajiya a zaurensa na biyu, inda yake zuba buhunan gyaɗa, a nan kuma yake jingine garmuna da fartanyu. Ya sayi kwaɗo wurin Bawa maƙeri, mabuɗi biyu, ɗaya a aljihunsa, ɗaya wurin ƙanensa Nomau. Sai gyaɗa ta riƙa raguwa, kwaɗo kuwa lafiya lau a ƙofa. Maikano ya ce tunda ba a fasa ba, Nomau ne. Ya daina amsa masa gaisuwa. Nomau ya yi rantsuwa har ya gaji, ya fara ɗaure kayansa.

"Ran nan Maikano ya dawo daga kasuwa da wuri, ya tarar da maƙwabcinsa yana fitowa daga ɗakin da garma a kafaɗa, yana mayar da kwaɗo. Mutumin ko a jikinsa. Ya ce, 'Sannu da zuwa, aro na ɗauka. Ai mabuɗina yana buɗe naka, duk unguwa an sani.'

"Maikano ya nufi maƙera ransa a ɓace. Bawa ya saurare shi yana ta zuga wuta, ya ce, 'Ni mazubi ɗaya gare ni. Duk kwaɗon da na ƙera bana, mabuɗinsu iri ɗaya ne. Mai hankali in ya saya, sai ya ce in gyara masa haƙoran nasa su bambanta. Kai ba ka ce ba. Kawo in gyara yanzu.'

"Nan Maikano ya yi turus. Ya ce, 'To in na sake, masu aron garma fa? Sai a ce na yi arziki na toshe wa maƙwabta ƙofa.'

"Bawa ya ajiye zugazugi ya ce, 'Kai ma ciwon Delu mai rijiya ne ke damunka.' Maikano ya ce, 'Wace ce Delu?' Bawa ya ce:

"'Delu wata mata ce a garinmu, rijiyarta a tsakar gida take, ruwan kuwa daɗi kamar an sa sukari. Wata maƙwabciya ta roƙi tulu ɗaya, Delu ta ce ta riƙa shigowa ta ƙofar baya. Maƙwabciyar ta zo da ƙanwarta, ƙanwar ta zo da ƙawarta, ƙawar ta nuna wa masu ga-ruwa hanya. Aka wayi gari Delu ba ta iya wanka a gidanta sai ta sa mai gadi. Abin da ta dafa an sani, abin da ta ce wa mijinta an sani. Kwano ya ɓata, zane ya ɓata a kan igiya, ba ta san wa za ta kama ba, don ba ta san rabin masu shigowa ba. Ga ta kuma da kunya, tana cewa wanda ya hana ruwa me zai ce wa Allah.

"'Uwarta ta zo ganin gida, ta kwana biyu tana kallon ikon Allah. Ta sa aka toshe ƙofar baya da tubali, ta sayo ƙatuwar randa aka kafa a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, da moɗa a kai. Kullum da safe a cika ta. Mai ƙishi ya sha, mai tulu ya ɗiba. Masu son ruwa suka yi ta sa albarka. Waɗanda suka yi gunaguni kuwa, uwar ta ce a lura da su da kyau, don ba ruwa ne ke kawo su ba.'

"Bawa ya ce, 'Ka ji. Maƙwabtanka garma suke so, kai kuma ka ba su har da gyaɗa.'

"Maikano ya miƙa kwaɗo aka gyara. Ya kafa rumfa a waje ya jingine garmuna, mai aro ya ɗauka ya mayar. Gyaɗa ta daina tafiya. Sai dai da ƙyar aka sauke wa Nomau kaya daga kan jaki, kuma har suka tsufa, in Maikano ya miƙa masa mabuɗi, sai ya ce a'a, riƙe abinka."

Tabawa ta buga sanda a ƙasa. "Shi ya tarar da ƙanensa bai tafi ba. Kai ban sani ba."

Tanimu ya yi murmushi. "Labari ya yi daɗi, Gwaggo. Amma ni ba gyaɗa aka ɗiba ba, magana ce. Magana kuwa sai da kunne."

"Shekaranjiya da azahar ina Jatau?"

"Na aike shi ƙauye."

"Kai kaɗai ne a zaure. Ka cire hula, ka sosa ƙeya da ludayi, sannan ka mayar da shi cikin kunu ka sha."

Tanimu ya miƙe tsaye. "Wa ya gaya miki?"

"Mai shayi ya gaya wa mai kayan miya, mai kayan miya ta gaya min. Duk unguwa an kalla. Kai ka liƙa ido da kunne a zaurenka, ka haɗa su da akwatin nan, ka raba mabuɗin kamar goron suna. Wanda ya hau iskarka yana iya leƙa kyamarar, tunda ita ma da kalmar kamfani kuka bar ta, irin wadda ke kan kowace."

Ya koma ya zauna, ya ce, "To yaran dakali fa? Wasunsu karatu suke yi da shi. In na rufe, me za a ce?"

"Kai ludayin bai dame ka ba, abin da za a ce ne ya dame ka. Akwatin nan yana da randarsa. Ana buɗe wa baƙi layi daban, da kalmarsa daban. Su sha iska, amma ba su ganin komai na cikin gida. Ɗauko min shi."

Aka ɗauko. Ta sa tabarau, ta zaro wayarta daga lalita. Ta ce mabuɗi biyu ne: wanda ake hawa da shi, da wanda ake shiga cikin akwatin a yi gyara da shi, duka sai an sake, kyamara ma haka. Tanimu ya ce a sa sunan autarsa. Ta ce har akuyar unguwa ta san sunan autarsa. Ya ce lambar wayarsa. Ta ce tana rubuce a jikin bangon masallaci. Daga ƙarshe ya haɗa wasu kalmomi da ba su da dangantaka da juna, doguwa, da lambobi a tsakani. Ta miƙa masa wayar ta kau da kai.

"Ke ma ba za ki gani ba, Gwaggo?"

"Ni ma bakina ba a ɗinke yake ba."

Ana sake kalma aka buɗe layin baƙi, iskar samari ta yanke, aka ji hayaniya ta tashi a dakali, kamar an watsa wa kaji ruwa. Tanimu ya fita da kansa ya faɗa musu kalmar layin baƙi. Mafi yawansu suka yi godiya suka sake sunkuyar da kai. Biyu suka kakkaɓe riga suka tafi ba sallama. Ya bi su da kallo, ya dai gane su.

Ya dawo ya ce, "Na karɓi maganarki, Gwaggo. Bari in aika a kira Jatau."

"Aike? Da ƙafarka za ka je."

Ya tarar da Jatau a ƙofar ɗakinsa yana gyaran carbi. Tanimu ya durƙusa ya nemi gafara. Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, tashi kar a gani. Ni da zan fitar da magana, ai da ta ludayi ba za ta zama ta farko ba. Tun kana rarrafe nake ganinka." Suka yi dariya har tari ya sarƙe dattijon.

Ranar Juma'a bayan an sauko, wani magini da matarsa suka yi sallama a zaure, kowa fuska a ɗaure. Jatau ya shimfiɗa musu tabarma ya zauna a wurinsa na kullum. Sun daɗe a ciki, suka fito tare, mijin yana riƙe mata da jaka. Abin da ya haɗa su kuwa, an tambayi mai shayi bai sani ba, ni ma da nake ba ku labarin har yau ban ji ba.