Rijiyar Ranchod

To, ku gyara zama. Wannan labari wani Ba'indiye mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ne ya ba ni shi, ya ce a ƙauyensu aka yi.

An yi wani tsoho manomi mai suna Ranchod, mabiyin addinin Hindu. Yana da gonar rake da rijiya guda mai ruwa kamar zuma, wadda ba ta ƙafewa ko da rani. Ya rasu bai bar wasiyya ba. Magadansa uku ne: ɗansa Girdhar da ke aiki nan Kano, da Urmila matar babban ɗansa da ya riga shi mutuwa, da autarsa Sarla, malamar makaranta da ke aure a wani gari. Dokarsu ta ce in babu wasiyya, waɗannan uku rabonsu ɗaya ne, ba a fifita namiji. Amma Sarla ta zo jana'iza da niyyar barin nata, don matan danginsu haka suka saba.

Aka ƙona gawar bisa al'adarsu. Ko tokar ba a kai kogi ba, sai wani maƙwabci mai hannu da shuni ya fito da takarda, wai tsohon ya sayar masa da gonar, ga dangwalen yatsa, ga sunan shaida. Ya turo ƙarti da motar noma su kafa shinge.

Urmila ce ta tare su. Mace ce da ba a taɓa jin muryarta ta ɗaga ba, amma ta shimfiɗa tabarma a bakin rijiyar ta zauna, ta ce sai dai motar ta bi ta kanta. Damina biyu ita ke noma, ita ke ban ruwa, zagi da barazana ba su tashe ta ba. Da ta gusa kwana ɗaya, da shinge ya zauna kafin a je gaban alƙali.

Sarla kuwa, da aka karanta takardar a kotu sai ta gane ta bogi ce. Shekara goma da suka wuce ita ta koya wa mahaifinta rubuta sunansa, a ɓoye, don yana jin kunyar a ga tsoho da allo. Tun daga nan bai sake dangwala yatsa ba. Ta koma gida ta kwaso wasiƙun da ya riƙa aika mata, kowace da sunansa a ƙasa, baƙaƙen a karkace. Alƙali ya duba, ya dakatar da hukuncin da yake shirin yankewa, ya ce a kawo shaidan nan cikin wata uku.

Shaida kuwa ya yi ɓatan dabo. Girdhar ya ajiye aikinsa na shekara goma sha takwas, ya hau jirgi ya koma gida. Ya bi tasha tasha, gari gari, har ya same shi yana dakon gishiri a bakin teku. Bai zage shi ba. Mako guda yana cin abinci tare da shi, har mutumin ya fashe da kuka ya biyo shi, ya faɗi gaskiya.

Gona ta dawo. Sarla ta ce ta yafe nata, Girdhar ya ce, "Ƙanwata, uban da ya haife ni shi ya haife ki. Karɓi abinki." Ta karɓa tana share hawaye. Aka ja igiya aka raba uku, ba ko musu. Sai rijiya, wadda dole a rubuta ta da sunan mutum ɗaya. Sarla ta ce, "Yaya, kai ka bar abincinka saboda ita." Girdhar ya ce matar yayansa ce ta tsare ta da jikinta. Urmila ta girgiza kai, ta nuna Sarla. Dattawan ƙauye biyar suka yi zama uku, suka tashi suna dariya, sun kasa. Har yau su ukun suna sha tare, takardar na jiran suna.

To, ku da kuka ji, sunan wa za a rubuta?