Bishiyar Ƙarƙashin Taga

An yi wani mutum a wata jami'a, shekarun baya, sunansa Haladu. Ba malami ba ne, shara yake yi da ban ruwan fulawa. Ku saurara da kyau, jama'a, don ni duk sanda na tuna wannan bawan Allah sai zuciyata ta yi nauyi.

Waɗanda suka gina jami'ar nan sun zo sun tarar da kuka da tsamiya da ɗorawa, suka sare su kaf, suka malale ƙasa da siminti. Suka shuka 'yan fulawa iya gwiwa, waɗanda ko ƙadangare ba za su yi wa inuwa ba. Wuri ya yi kyau a hoto. Amma da rana ta take, sai ka ga ɗalibai suna gudu daga aji zuwa ɗaki kamar ana korarsu. Ba wurin zama, ba wurin gaisawa. Mutum ya yi shekara bai san sunan na kusa da shi ba.

To, akwai wani ɗalibi, Zayyanu, wanda shan inna ta kama wa ƙafafu tun yana ƙarami, da keken hannu yake yawo. Babban ajin da suke ɗaukar darasi kuwa matakala ce doguwa a gabansa. Da farko 'yan ajinsu kan ɗauke shi su hau da shi. Daga baya suka fara kau da kai, shi kuma kunya ta hana shi roƙo. Sai ya riƙa jingine kekensa a ƙarƙashin taga, a waje, cikin rana, yana sauraron malami yana rubutu, gumi na ɗiga kan takarda.

Haladu ya gani, abin ya tsaya masa a rai. Ya ɗauki baro ya yi ta jido jar ƙasa, ya daɓe gefen matakalar ya yi gangara. Zayyanu ya murza kekensa ya hau har ƙofa, ya juyo yana dariya.

"Baba, yau na zama ɗalibi!"

Ba a yi mako ba Injiniya Tukur, shugaban sashen ayyuka, ya gani.

"Wa ya zuba ƙasa a gaban ginin nan? Baƙi za su zo."

"Ranka ya daɗe, yaron nan ne ba ya iya hawa."

"Za a duba. Kai dai kwashe."

Jama'a, da hannun da ya daɓe, da shi ya kwashe, Zayyanu na kallo. Haladu ya kafa rumfar zana a bakin taga, aka ce ta ɓata fuskar gini. Ya koma tsayawa da lema a kan yaron, aka ce yana barin aikinsa, aka mayar da shi can ƙofar baya, ƙarshen jami'a. Bai zagi kowa ba. Kafin ya tafi ya samo ɗan dashen darbejiya, ya dasa shi a cikin fulawar ƙarƙashin taga, inda ido ba zai kai ba.

Zayyanu ya ce, "Baba, kafin wannan ta yi inuwa, ko na gama karatu, ko rana ta gama da ni."

Haladu ya ce, "Ka dai yi haƙuri, ɗana. Tana da saurin girma."

Ba ta yi sauri ba. Da bazara ta kai maƙura, wata rana Zayyanu ya sulale daga kekensa a sume. 'Yan uwansa suka zo suka tafi da shi gida, bai sake dawowa ba. Haladu ya yi kuka, kuka na gaske, har abokan aikinsa suka ce, "To yanzu sai ka huta da ɗaukar bokiti."

Bai huta ba. Kullum sai ya ratso jami'ar nan da bokiti a ka ya ba darbejiyar ruwa. Aka ce, "Wa kake shayar wa? Mai ita ya tafi." Ya ce, "Matakalar ai tana nan."

Shekaru suka shuɗe. Bishiya ta rufe taga, ba wanda ya ƙara tuna ba ta cikin zanen gini. Ɗalibai suka jawo benci, nan suke hira, nan suke bita, nan kaɗai. Haladu ya tsufa ya koma ƙauye ya rasu, bai taɓa zama a inuwarta ba. Wanda ya ba ni labarin ya ce da ya koma wurin, ya tarar da wata yarinya a keken hannu a ƙarƙashin tagar nan, tana rubutu a inuwa. A inuwa, amma a waje. Maganar gangara kuwa, har yau ana dubawa.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Alherin da aka rushe maka, Allah bai rushe ladansa ba, don haka kada ka fasa. Amma haƙurin talaka ba ya wanke mai iko. Mu da muke gina makarantu da shaguna, har da masallacin nan da muke ciki, in kun fita ku dubi matakalarmu, kowa ya tambayi kansa wa muka bari a waje. Allah Ya ji ƙan Haladu, Ya sa kada a tambaye mu abin da ba mu da amsarsa.