Allurar Ƙarshe Ta Bunsuru Ce

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata shekara annobar atishawa ta faɗa garin dabbobi. Bushiya ce likita, da ƙayarta take yin allurar rigakafi, har magani ya ƙare, saura na mutum ɗaya tak. Doka kuwa ta ce ragowar na wanda tsirarsa za ta tsirar da gari ne.

Zaki ya ce, "Ni ne sarki, in na kwanta gari ya kwanta." Kunkuru ya ce, "Ni ne tsoho, atishawa ɗaya za ta kai ni lahira."

Bushiya ta rasa yadda za ta yi. Can ta hango Bunsuru yana wucewa, gemu duk miya. Ta ruga ta caka masa.

Zaki ya daka tsawa, "A ɗaure ta!"

Bushiya ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ya tsoma baki a akushinka jiya?"

"Wannan marar kunyar."

"Baba Kunkuru, wa ya lashe maka kunu?"

"Shi ne."

"To, ku kuna zaune a gida. Shi kuwa gida arba'in yake shiga kafin azahar, ko sallama babu. In ya kamu, kowa ya kamu."

Zaki ya sosa ƙeya, ya ce a sake ta.

Bunsuru ya shafa gemu ya ce, "Ashe aikin jama'a nake yi! Ranka ya daɗe, yau me aka dafa a gidanka?"

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ku rufe kwanukanku.