Hotunan Irimiya a Kwallar Yayarsa

Akwai wani mutum mai ɗaukar hoto, sunansa Irimiya. Shekara ashirin yana ɗaukar hotunan ikilisiyarsu: baftisma a rafi, bukukuwan aure, taron zumuntar mata, godiyar kaka. A cikin dubban hotunan nan akwai na matarsa Dinatu, wadda ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Keziya. Ba inda fuskar Dinatu ta rage a duniya sai a cikin kwamfutarsa.

Da kwamfutar ta fara tsufa, sai tsoro ya kama shi. Wasu suka ce ya ajiye hotunan a intanet. Ya gwada, amma sabis ɗin garinsu ba ƙarfi, yini guda bai gama tura na biki ɗaya ba. Sai ya sayi akwatunan ajiya guda biyu, kowanne kamar tafin hannu, irin waɗanda ake haɗawa da kwamfuta. Ya kwafe kome a cikinsu, ya bar su duka a jone a kan tebur, hankalinsa ya kwanta.

Ranar kasuwa yayarsa Larai ta shigo daga ƙauye. Manomiya ce, ba ta san kan kwamfuta ba. Ya nuna mata akwatunan yana murmushi.

Ta ce, "Biyu ne, amma ai ɗaki ɗaya. Ka manta yadda Baba yake yi da iri? Dami ɗaya a rumbunmu, ɗaya a gidan Kawu a hayin rafi. Ba ni ɗaya in tafi da shi."

Ya ce, "Haba Yaya, ke da kike ajiye wayarki a kwanon gero?"

"Ta taɓa ɓata? Miƙo nan."

Ransa bai so ba, gama bai saba fuskar Dinatu ta yi nisa da shi ba. Duk da haka ya miƙa. Ta naɗe akwatin a ɗankwali, ta sa a kwallarta ta gero, ta rufe. Duk wata takan kawo shi ranar kasuwa, ya ƙara sabbin hotuna, ta koma da shi.

Ana nan, sai auren Keziya ya matso. Abu ɗaya ta roƙa: a wanke mata hoton uwarta, babba, ta tafi da shi gidanta. Saura mako biyu, da rana tsaka, hadari ya taso, tsawa ta faɗi a kan wayar wuta. Kwamfutar ta ƙone, akwatin da ke jone da ita ma ya ƙone. Mai gyara ya duba, ya girgiza kai.

Irimiya ya zauna a ƙofar ɗaki. Baƙin ciki ya rufe masa tunani, har Keziya ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Baba, na wurin Gwaggo fa?"

Washegari Larai ta iso da kwallarta a kai. Aka jona akwatin a kwamfutar mai gyara. Sai ga Dinatu tana dariya a bakin rafi, riƙe da Keziya tana jaririya. Irimiya ya sunkuyar da kai ya gode wa Allah, hawaye na zuba.

Larai ta kakkaɓe gero daga ɗankwalin, ta ce, "Sai ka sake zagin kwanona."

Ma'anar misalin nan ke nan. Hotunan su ne alheran da Ubangiji ya yi maka, shekara bayan shekara. Akwatuna biyu a tebur ɗaya, kai ne da kake maimaita su a zuciyarka kaɗai, kana tsammanin sun tsira. Tsawa ita ce ranar wahala, wadda takan sa mutum ya manta an taɓa yi masa alheri. Larai kuwa ita ce ɗan'uwa ko 'yar'uwa a cikin bangaskiya, ko da ba ta kai ka ilimi ba.

Saboda haka, kafin mako ya ƙare, ka sami mutum ɗaya ka faɗa masa abin da Allah ya yi maka. Ranar da naka ya ƙone, shi zai ɗauko maka shi daga hayin rafi.