Akwatin Wutar da Namadi Ya Bi Har Ƙauye

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Ba zamanin kakanni ba ne, zamanin nan ne namu da kuke cewa mutanen kirki sun ƙare. Sunansa Namadi. Sana'arsa haɗa kwamfuta irin ta kan tebur, a wata 'yar rumfa cikin kasuwa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, in ka wuce shi a hanya ba za ka waiwaya ba. Ku saurara, ku na baya ma ku ajiye wayoyin nan.

Wata rana wani mai ɗaukar hoto, Zailani, ya zo masa daga wani ƙauye mai nisa. Babur ɗinsa ya sayar ya taho, ban da kyamararsa ba shi da komai. Ya ce, "Malam, inji ɗaya nake so ya yi mini aiki biyu. Da rana in gyara hotunan biki da na suna, da yamma samari su buga wasan ƙwallo a kai in samu na cefane. Sai dai ƙarfina kaɗan ne."

Namadi ya ce, "Daidai ruwa daidai tsaki. Zauna mu duba."

Zailani ya hango wani akwati mai fitilu ja da kore, ya ce shi yake so. Namadi ya yi murmushi ya ce, "Ɗan'uwa, fitila ba ta gyara hoto. Kayan cikin nan kamar shanun huɗa suke, in ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi huɗa ba ta miƙewa." Ya zaɓo furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ya nemo allon da ake dasa kayan a kai, wanda gurbinsa ya dace da ita. Ya sa ram, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, irin wanda allon yake karɓa, ya wadata shi, don gyaran hoto yana cinsa. Ya samo katin hoto na hannu mai lafiya saboda wasa. Ya ce, "Wannan katin mayen wuta ne, dole a ba shi akwatin wuta mai ƙarfi, shi ne mai raba wa kowa lantarki." Ya haɗa, ya kunna, hotuna suka buɗe tas. Zailani don murna ya juye duk hotunan mutanen da bai kai musu ba a ciki, ya share na kyamara. Motar ƙauyensu na shirin tashi, ba su tsaya gwada wasa ba, ya rungumi kayansa ya tafi.

To, ɗan Adam ajizi ne. Bayan 'yan kwanaki Namadi yana gyara kanta, sai ga akwatin wuta mai ƙarfin nan a zaune. Ashe guda biyu ne da shi masu kama ɗaya, hannunsa ya ɗauki ƙaramin ya ɗaura. Ya san ƙaramin zai ɗauki gyaran hoto, amma in wasa ya yi zafi kati ya ja wuta, yana iya ƙonewa ya tafi da komai, har da hotunan mutane. Biki kuwa ba a maimaita shi don hoto. Ya kira waya, ba ta shiga, ƙauyen babu sabis.

Maƙwabcinsa a kasuwa, Barau, ya ji labari ya ce, "Haba Namadi, rufa wa kanka asiri. In ta ƙone cewa zai yi wuta aka kawo da ƙarfi, masu wuta zai zaga. Kai ma wurinka zai dawo gyara. Amma ka je ka ce kuskure ka yi, wa zai sake ba ka aiki a kasuwar nan?"

Jama'a, gaskiya Barau ya faɗa, ba wanda zai taɓa sani. Akwati ne a rufe da kusoshi. Ni abin da yake girgiza ni ke nan.

Namadi ya rufe rumfa ranar da kasuwa take ci, ya sa akwatin wuta a jaka ya shiga mota. Damina ce, ruwa ya cinye hanya, inda mota ta tsaya ya naɗe wando ya taka. Yana tafe yana tambayar mai hoto, har aka nuna masa shago bayan la'asar. Ya tarar da shi cike, samari sun zagaye inji ana ta wasa.

Zailani na ganinsa ya miƙe ya ce wa mutane, "Ga gwanin da nake ba ku labari, wanda hannunsa ba ya kuskure. Malam, lafiya da wannan laka?"

Ku lura da kyau, nan Shaiɗan ya buɗe masa ƙofa ta biyu, ta fi ta farko taushi. Da ya ce, "Na zo in ƙara maka inganci ne," da ya canza abin cikin ruwan sanyi, a yi ta sa masa albarka. Aikin zai gyaru, sunansa ya ƙara tashi. Wallahi da yawanmu a nan za mu faɗi.

Sai bawan Allah ya ce, a gaban kowa, "Malam Zailani, a kashe injin nan yanzu. Kuskure na yi maka. Ƙaramin akwatin wuta na sa maka, ba wanda na ce ba. Ka yafe mini."

Wani ya yi 'yar dariya. Aka kashe, Namadi ya kwance kusoshi, sai ƙauri ya bugi hancin kowa. Akwatin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, wayar wutar da ke jikinsa ta fara narkewa. Ya ɗaura mai ƙarfin, ya kunna, hotuna suna nan cif.

Zailani ya kalli narkakkiyar wayar nan. Ya ce, "Malam, da ta ƙone ai ba kai zan zarga ba. Masu wuta zan zarga har in mutu."

Namadi ya ce, "Na sani. Shi ya taso ni. Wanda zai tambaye ni gobe kiyama Ya san ba su ba ne."

Allahu Akbar. Kuna jira in ce daga nan ya yi arziki? Ban sani ba, kuma ba shi ne labarin ba. Na dai ji an daɗe ana masa shaguɓe a kasuwa.

Abin da nake so ku tafi da shi gida shi ne, amana ba a wurin da ake gani take ba, tana cikin abin da aka rufe. Kai magini, ka san abin da ke bayan filasta. Kai bakanike, ka san abin da ka ɗaura a ƙarƙashin mota. Ke mai abincin sayarwa, kin san man da ya shiga tukunya. Kuskure kowa yana yi, Allah ba zai kama ka don hannunka ya goce ba. Amma ranar da ka gane, ka kuma ga akwai wanda za a ɗora wa laifin a madadinka, ranar ce ake auna imaninka. In akwai wanda ka rufe wa aiki a kan ɓarna, tashi ka same shi tun yana iya yafe maka. Allah Ya ba mu ikon cewa "ni ne" tun a nan duniya.